Tarihin Hubert Ogunde, Ɗan Wasan Da Turawa Suka Hana Wasansa A Jos Da Kano Saboda Ma'aikata

Yau ba labarin sabon fim ko rigimar jarumai na kawo muku ba, tarihin wani dattijo ne Bayarabe da ya rasu tun kafin a haifi yawancinmu. Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu da shi? Ruwanmu da shi biyu ne. Sana'arsa ita ce wadda muke kwana muna tashi da ita, wato wasa da waƙa da fim. Sannan a nan Arewa, a Jos da Kano, Turawan mulkin mallaka suka taka masa burki, ba don batsa ko shigar banza ba, don kawai ya ɗauki kukan ma'aikata ya hau dandamali da shi.

An haifi Hubert Adedeji Ogunde a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu Ode, cikin jihar Ogun ta yanzu. Babansa limamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuma malamin addinin gargajiya ne na Yarbawa, irin waɗanda suke kira babalawo. Yaro ya tashi kunnensa ɗaya na jin waƙoƙin coci, ɗayan na jin ganguna da kirarin dodanni, kuma duka biyun sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya fara da aikin koyarwa a makarantar firamare, yana haɗawa da kiɗa a coci. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Ku riƙe wannan, don mutumin da 'yan sanda za su yi ta kamawa daga baya shi ma ya taɓa saka kakin nan.

Yana ɗan sanda a Legas ne cocin da yake zuwa a Ebute Metta ta nemi ya shirya wasa don a tara kuɗin gini. A 1944 ya nuna wasansa na farko a babban ɗakin taro na Glover, labarin Annabi Adamu da Hauwa'u ne kamar yadda yake a littafinsu, amma da waƙoƙin Yarbanci da rawa da ganga. Wasan ya karɓu sosai. Bai daɗe ba ya ajiye kaki, ya kafa ƙungiyarsa ta wasa, ya ce daga yau da wannan zai ci abinci. A lokacin wannan kasada ce babba. Mutum ya bar albashin gwamnati ya koma rawa da waƙa? Ko yau ka faɗi haka a gida ka san irin kallon da za a yi maka, balle a shekarun 1940. Shi ya sa ake kiransa uban wasan kwaikwayon zamani a Najeriya, don shi ne ya fara mayar da shi cikakkiyar sana'a mai tikiti da fosta da mota ana yawo gari gari.

To ana cikin haka sai ga yajin aikin 1945.

Bari in tsaya a nan kaɗan, saboda da yawanmu ba a koya mana wannan a makaranta ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo, albashin baƙar fata kuwa yana nan inda yake. Turawan da ke aiki a ƙasar ana ba su alawus kala kala, ɗan ƙasa kuma a ce masa ya ƙara haƙuri. Kun taɓa jin irin wannan maganar ko? Ma'aikata suka nemi a ƙara musu kashi 50 cikin ɗari a kan alawus ɗin tsadar rayuwa, kuma lebura ya riƙa samun aƙalla sule biyu da sisi a rana. Gwamna Arthur Richards da mutanensa suka yi kunnen uwar shegu. A watan Yuni ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki, na gidan waya da na tashar jiragen ruwa da sauran ma'aikatun gwamnati suka bi. Jagoran da ya fi fice shi ne Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda Turawa suka tsare tun 1943, ba a daɗe da sakinsa ba ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. An yi sama da kwana 40 ƙasa a tsaye. A zamanin da gyaɗar Kano da kuzar Jos ba su da hanyar isa bakin teku sai ta jirgi, tsayar da jirgi ai shaƙe wuyan gwamnati ne. Gwamnati ta rufe jaridun Nnamdi Azikiwe guda biyu saboda sun goyi bayan yajin. A ƙarshe dai dole aka kafa kwamitin Tudor Davies, kuma ya ce a yi wa ma'aikata ƙari.

Ogunde bai jira ƙura ta lafa ba. A wannan shekarar ya fito da wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa. Bai kira sunan gwamna ba, ya dai kawo labarin wani baƙon sarki da ya zo ya mallake ƙasa da abincinta, mutane na yi masa bauta cikinsu ba komai, har suka gaji suka ce ba su yi. Babu wanda ke buƙatar a fassara masa. Wanda ya sayi tikitin shi ne wanda ya yi makonni ba albashi, matarsa na cin bashin garin rogo a kasuwa. Ya shigo ɗakin kallo sai ya ga rayuwarsa a kan dandamali, da kiɗa, da rawa, da ban dariya. A 1946 kuma ya ƙara da Tiger's Empire, shi ma sukar mulkin mallaka ne.

A Legas Turawa sun ɗan kau da kai, don can akwai jaridu da lauyoyi masu baki. Amma da ya ɗauko ƙungiyarsa ya hau Arewa a 1946, sai labari ya sha bamban. A Jos, garin da dubban leburori ke haƙar kuza suna cika aljihun kamfanonin Turawa, hukuma ta hana wasan, aka kuma ci shi tara. Ni a ganina ba Ogunde suke tsoro ba. Tsoronsu kada leburan ramin kuza ya ji cewa akwai wata dabara da ake kira ajiye aiki, kuma tana ci. Jaridun 'yan kishin ƙasa suka ɗauki maganar, sai sunansa ya ƙara tashi. Haka abin yake har gobe, da zarar an hana waƙa sai kowa ya tashi nemanta.

A 1947 ya je Landan tare da matarsa Adesewa, ya koyo rawar Turawa da yadda suke tsara wasa, ya dawo ya cakuɗa da nasa. Ya zaga har ƙasar Ghana, lokacin ana kiranta Gwalkwas. Zuwan farko bai yi kasuwa ba don ba sa jin Yarbanci, sai ya koma da wasa mai yawan kiɗa da rawa, suka karɓe shi. Mutumin ɗan kasuwa ne na gaske, ya san idan ɗaki bai cika ba saƙo ba ya zuwa ko'ina.

Sai kuma ranar 18 ga Nuwamba 1949. A ramin kwal na Iva Valley da ke Inugu, mahaƙa sun daɗe suna rigima da hukumar ramin a kan haƙƙoƙinsu da suke bi. Suka shiga tafiyar hawainiya a wurin aiki, aka fara korarsu, sai suka zauna a bakin ramin suka ƙi tafiya don kada a kulle a bar su a waje. Gwamnati ta turo 'yan sanda su kwashe nakiyoyin da ake fasa dutse da su, wai kada su faɗa hannun 'yan siyasa masu zafin kai. Baturen da ke jagorantar 'yan sandan ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 aka kashe, 51 suka ji rauni. Mutanen nan ba bindiga gare su ba, kuɗin guminsu suke nema. Zanga-zanga ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, kuma wannan jinin yana cikin abubuwan da suka ƙara wa neman 'yancin kai wuta.

A 1950 Ogunde ya fito da Bread and Bullet, burodi da harsashi. Ku lura da wani abu. Shi Bayarabe ne, waɗanda aka kashe a ƙasar Ibo suke. Bai ce ba mutanena ba ne. Kuma bai tsaya a Legas ba, ya sake loda kaya ya nufo Arewa da wasan. A Kano hukuma ta hana shi, aka gurfanar da shi da zargin tunzura jama'a, ƙarshenta dai aka ɓuge da cin sa tara a kan manna fosta ba tare da izini ba. Fosta fa! Idan hukuma ta rasa inda za ta kama ka, to takardar izini ba ta taɓa ba ta kunya. Duk wanda ya san abin da masana'antarmu ta gani a Kano a 2007 da 2008, lokacin da aka riƙa kai 'yan fim gidan yari a kan maganar rajista da tace fim, ya san wannan salon ba sabo ba ne.

Kuma Kanon wancan lokacin ba a barci take ba. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU, jam'iyyar da ta tsaya a kan talaka, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya. Cikin mutum takwas ɗin da suka kafa ta har da Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba. Ka ga kenan Turawa da masu sarautar da ke aiki da su suna da dalilin fargaba. Ga 'yan Sawaba a cikin birni, ga ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar Kudu a Sabon Gari, sai kuma wani ya zo da ganga yana tuna wa kowa cewa an harbe leburori a Inugu. Abin da ba su so shi ne talakan birni da talakan Sabon Gari su gane cewa ciwonsu ɗaya ne. Wallahi har yau ba a son su gane.

Bayan samun 'yancin kai ma bai huta ba, sai dai masu hana shi sun canza fata. Rikici ya ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Obafemi Awolowo da mataimakinsa a jam'iyya Ladoke Akintola, wanda yake Firimiya. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara 10. A 1964 Ogunde ya nuna Yoruba Ronu a Badun, ma'anarsa Yarbawa ku yi tunani, labarin wani sarki da ya ba na hannun damansa amanar sandar mulki shi kuma ya ci amana. Akintola na zaune a wurin, ya gane da shi ake, ya tashi ya fita. Gwamnatinsa ta haramta wa ƙungiyar Ogunde wasa a duk faɗin jihar, aka daina saka waƙoƙinsa a gidan rediyo da talabijin na jihar. Ku kwatanta da a ce yau an hana mawaƙin Hausa wasa a duk jihohin Arewa, ina zai kai kayansa? Bai ba da haƙuri ba, ya mayar da martani da wani wasan mai suna Otito Koro, gaskiya ɗaci gare ta. Sai a watan Fabrairun 1966 gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya ɗage haramcin, bayan juyin mulkin da aka kashe Akintola da Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa.

Gaskiya ni wannan babin bai burge ni kamar na baya ba. A nan Ogunde ɓangare ya ɗauka a faɗan manya, shi mutumin Awolowo ne, kuma kiran da ya yi kira ne na ƙabila. Ya yi jarumta, ya yi asarar kuɗi mai yawa, amma tsaya wa mahaƙin kwal daban, tsaya wa jagoran jam'iyya daban. Abu ɗaya da zan ba shi shi ne, wanda ya tsaya wa yana kurkuku ne a lokacin, ba shi da kwangila ko mota da zai raba. Mawaƙan siyasarmu na yanzu kuwa, sai ka ga mutum ya yi wa wannan waƙa bana, baɗi ya zage shi a waƙar wancan, ya danganta da inda alat ya fito.

Akwai kuma maganar gidansa. Da ya fara sana'ar ya buga talla a jarida yana neman 'yan mata masu wasa, iyaye suka ƙi ba da 'ya'yansu, don a ganinsu macen da ta hau dandamali ta lalace. Wannan ma mun san shi. Mafitar da ya samu ita ce ya riƙa auren 'yan wasansa, har ya tara mata da yawa, su da 'ya'yansu suka zama ƙungiyar. Hakan ya riƙe kamfanin shekara da shekaru, kuma matan nan sun buɗe wa 'yan baya hanya, musamman Adesewa, wadda ta rasu a haɗarin mota a 1970 a kan hanyar zuwa wasa. Amma dai abin da ɗan ban dariya. Mutumin da ya yi suna da wasan yajin aiki ya gina kamfanin da ba mai iya yajin aiki a ciki, don mai kamfanin shi ne maigida. Kada mu yi dariyar da yawa fa. Mu da muke da masu riƙe fitila da masu kwalliya da ba su san me ake kira takardar yarjejeniya ba? Ku tuna ƙurar da ta tashi a 2022 bayan hirar Ladin Cima da BBC Hausa a kan abin da ake biyan tsofaffin 'yan wasa. An yi ta zage-zage mako biyu, aka tara ɗan taimako, kowa ya kama gabansa. A nan Ogunde ya fi mu, don a 1971 ya haɗa masu irin sana'arsa suka kafa ƙungiya, wadda ta zama tushen ƙungiyar 'yan wasan Yarbawa ta ANTP.

Ya wakilci Najeriya a bikin baje kolin duniya na Montreal a Kanada a 1967, ya yi wasa a Amurka da Ingila. Da talabijin da silima suka fara janye 'yan kallo sai ya koma fim yana da shekara sama da 60. A 1979 ya yi Aiye, Ola Balogun ya ba da umarni, kuma fim ɗin ya yi kasuwa ba kaɗan ba. Jaiyesimi ya biyo a 1980, Aropin N'Tenia a 1982, Ayanmo a 1988. Ya gina wurin ɗaukar fim nasa na kansa a Ososa. Yawancin labaran nan na mayu ne da tsafi da faɗan alheri da sharri, kuma daga nan ne finafinan Kudu suka gaji wannan hanyar da har yau ba su sake ta ba. Masu kuɗi da gwamnati sun ɗan samu sauƙinsa a wannan zangon, tunda maye ba ya kai ƙara kotu.

Finafinan nan duk na majigi ne, irin na faifai mai tsada da sai an kai Turai a wanke, da kuɗin waje. A 1985 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP irin wanda Bankin Duniya da IMF ke so, aka karya naira, kafin shekara ta ƙare dala ɗaya ta kai wajen naira 4. Fim ɗin majigi ya gagari kowa, 'yan kallo ma kuɗin tikiti ya gagare su, gidajen silima suka fara komawa coci da ɗakin ajiyar kaya. A 1988 aka yi dokar sayar da kamfanonin gwamnati aka kafa kwamitin da zai yi aikin, wanda daga baya ya zama hukumar BPE. Duk wanda ke cewa ɗan fim ba ruwansa da siyasar tattalin arziki, to ya duba nan. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu a Dodan Barak ta kashe masana'anta sukutum.

Ku dubi kuma abubuwan da ya yi wasa a kansu. Ramukan kwal na Inugu da mutum 21 suka mutu a bakinsu an bar su sun lalace, aiki ya tsaya a farkon shekarun 2000, aka koma sayar da kadarorin kamfanin ma'aikata na bin bashin albashi. Jirgin ƙasan da ya taɓa durƙusar da gwamna Bature, tsohon layinsa ciyawa ta cinye rabi. Salon ɗaya ne kullum, a ƙi gyara abu har ya mutu, sannan a ce ai gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, a miƙa wa abokai a farashin gwanjo. Haka aka yi da NITEL. A 2013 aka sayar da kamfanonin da aka samu daga rarraba NEPA, aka ce wuta ta zo kenan, yau ga mu nan da kuɗin wuta mai kashe baya da janareto a ƙofar kowane situdiyo.

Hatta gidan da Ogunde ya yi wa hidima bai tsira ba. A 1986 gwamnatin tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya zaga yana zaɓo matasa daga kowane yanki, kuma mazauninta shi ne babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka gina da kuɗin jama'a don bikin FESTAC na 1977. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta sa shi cikin jerin abubuwan sayarwa, sai da Wole Soyinka da 'yan wasa suka tayar da jijiyar wuya. Ya ci gaba da ruɓewa har 2020, aka miƙa wa Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna su gyara, a 2024 aka sa masa sunan Soyinka. Gini ya yi kyau yanzu, ba musu. Tambayata ita ce ko ƙaramar ƙungiya mai wasa a kan albashin naira 70,000 da tsadar fetur za ta iya biyan kuɗin hayar ɗaki a ciki.

Aikinsa na ƙarshe a Arewa ya yi shi. Wani darakta ɗan Ostireliya, Bruce Beresford, ya zo ɗaukar fim ɗin Mister Johnson a yankin Jos, labarin wani akawu baƙar fata a zamanin Turawa, da Pierce Brosnan a ciki tun kafin ya zama James Bond. Ogunde ya fito a matsayin wani dattijo mai suna Brimah. Wato shekara 40 da ɗoriya bayan an hana shi wasa a Jos, ya dawo ƙasar yana wasa a gaban kyamarar Turawa. A wurin aikin ciwo ya kama shi, aka kai shi Landan, ya rasu ranar 4 ga Afrilu 1990 yana da shekara 73. An mayar da gidansa na Ososa gidan tarihi, da kayan wasansa da gangunansa a ciki. A shekarar da ya rasu ne kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a Kano.